Neman shawara kan kayan koyar da tarihin baƙaƙen fatan Amurka a ajin sakandare

Malamar Tarihi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, malamaina da abokan aiki. Ina koyar da Tarihi a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a nan Birnin Kebbi, kuma a zangon karatu mai zuwa zan shiga babin cinikin bayi ta Tekun Atlantika da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Littafin da muke amfani da shi yana raka bayin ne daga cikin ƙasa zuwa bakin teku, ya sa su a jirgi, ya ambaci rake da taba da auduga a layi biyu ko uku, sai ya juya kan yadda Ingila ta hana cinikin a 1807, daga nan kuma ya koma maganar manja da 'yan mishan. Abin da ya sami mutanen nan bayan sun sauka, su da 'ya'yansu da jikokinsu, babu shi ko kaɗan, alhali shi ne abin da ɗalibai suka fi tambaya. Suna ganin baƙaƙen fatan Amurka a waya, 'yan dambe da 'yan ƙwallo da mawaƙa, wasunsu sun ji labarin kashe George Floyd a Minneapolis a 2020 da zanga-zangar da ta biyo baya, kuma suna so su san yadda aka yi mutanen da kakanninsu suka tashi daga wannan nahiya suka kai inda suke a yau.

Hukumar makaranta ta amince in ƙara ɗan lokaci a kan babin, wanda ba zai wuce mako biyu ba. Matsalata ita ce kayan aiki. Abin da na samu a intanet yana da yawa har ya yi yawa, amma kusan dukkansa an shirya shi ne domin yaran Amurka, waɗanda aka ɗauka sun riga sun san wane ne Abraham Lincoln, sun san inda jihohin Kudu suka tsaya da inda na Arewa suka fara, kuma suna da kwamfuta a gabansu. Ni kuwa ajina a cike yake, ba mu da majigi, wutar lantarki sai ta ga dama, abin da nake iya dogaro da shi kawai shi ne allo da alli da 'yan takardun da zan iya bugawa a shagon kwamfuta da kuɗin aljihuna. Turancin ɗaliban matsakaici ne, amma kusan kowacce ta yi makarantar allo ko Islamiyya, saboda haka suna karanta Larabci.

Ina roƙon waɗanda suka taɓa koyar da wannan fanni su nuna mini abin da ya cancanci a kashe masa kuɗin bugawa, da kuma inda ya fi dacewa a fara labarin ga yarinyar da ba ta taɓa fita jihar Kebbi ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Arabiyya, Gwandu

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malama, Allah ya ƙara basira. Ni ba Tarihi nake koyarwa ba, amma maganar da kika yi cewa ɗalibanki suna karanta Larabci ita ta sa na ga ya kamata in sa baki, domin kina da wata dama wadda yawancin malaman da ke koyar da wannan darasi a cikin Amurka ba su da ita.

A laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington, wanda za ki nema a intanet da sunan Library of Congress, akwai wani ɗan littafi rubutun hannu wanda wani bawa mai suna Umar bin Sa'id ya rubuta da Larabci a 1831. Laburaren ya mallake shi a 2017, ya ɗauki hoton shafukansa ya sa a intanet a 2019, kuma kyauta ake saukewa. Idan kin tashi nema ki rubuta Omar ibn Said. Mutumin Futa Toro ne a kwarin Kogin Senegal, kuma shi da kansa ya faɗa cewa ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin wata runduna ta auka wa ƙasarsu, ta kashe mutane da yawa, ta kai shi bakin teku aka sayar da shi. Ya ce sun yi wata ɗaya da rabi a kan ruwa kafin su isa Charleston, abin da ya faru wajen 1807. Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko saboda muguntarsa, aka kama shi a garin Fayetteville na jihar Carolina ta Arewa aka kulle, daga nan ya faɗa hannun iyalin Owen, kuma a hannunsu ya rasu yana tsoho tukuf, yana bawa, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka.

Shawarata ita ce ki buga shafukan farko na littafin ki raba wa ɗalibai ba tare da kin gaya musu komai ba. Abin da za su fara lura da shi shi ne hannun, domin irin rubutun allonmu ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Kafin a jima wadda ta kai Tabaraka za ta ɗaga hannu, domin bayan Bisimilla mutumin nan da Suratul Mulk ya buɗe labarin rayuwarsa, kuma da ka ya rubuta ta bayan ya yi fiye da shekara ashirin cikin bauta. Sai a lokacin ki gaya musu inda aka rubuta takardar da wanda ya rubuta ta, ki tambaye su dalilin da zai sa mutumin da wani ya ce ya mallake shi ya fara da surar da ta ce mulki a hannun Allah yake. Kada ki ba su amsa, ki bar su su yi muhawara. Idan kika samu malamin Arabiyyar makarantarku ya zauna tare da ku, zai nuna musu wuraren da nahawu ya kuɓuce wa marubucin, kuma shi kansa Umar ya nemi afuwa a cikin littafin cewa ya manta da yawa daga harshensa da kuma Larabci. Waɗannan kurakurai su ma darasi ne, domin suna nuna abin da shekaru masu yawa ba tare da abokin karatu ba suke yi wa mai ilimi.

Amana ta sa dole in ƙara cewa an yi wa Umar baftisma, yana zuwa coci tare da iyalin da suka mallake shi, kuma ya rubuta addu'o'in Kirista da Larabci kamar yadda ya rubuta ayoyin Alƙur'ani. Masana sun rabu kan ko ya bar Musulunci ne da gaske ko kuwa ya ɓoye shi ne a zuci. Bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan ɓangare ba don a faranta musu rai.

Akwai na biyu wanda ya fi kusa da mu ta wata fuska. A tsibirin Sapelo na jihar Georgia an yi wani bawa mai suna Bilali Muhammad, mutumin Futa Jalon, wanda ya bar rubutu mai shafi 13 da aka daɗe ana zaton littafin tarihin rayuwarsa ne. Wani masanin harsuna Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malaman zaure kwafin rubutun, kuma a 1940 ya wallafa cewa abin da ke ciki ya yi daidai da wasu sassa na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wato dai Risalar da har gobe ake biyawa a zaurukan Gwandu da Jega. Magana ce kan alwala da kiran salla da lokutanta. Sannan ga Ayuba Sulaiman Diallo na ƙasar Bundu, wanda aka kama a bakin Kogin Gambiya wajen 1730 aka kai gonar taba a Maryland, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci wadda ta zama sanadin fansarsa, ya bi ta Ingila ya komo gida a 1734. Hotonsa da aka zana a 1733 yana nan a intanet, da farar riga da rawani da Alƙur'ani rataye a wuya, kuma zai yi kyau a bangon aji. Sai dai ki gaya wa ɗalibai cewa shi ma bayi ya je sayarwa lokacin da aka kama shi.

Tsohon shugaban makaranta, Argungu

Salamu alaikum. 'Yata Malama, na ji daɗin wannan tambaya, kuma Allah ya gafarta Malam na Gwandu ya ba ki ƙofar shiga mai kyau. Ni abin da zan ƙara ya shafi lissafi da taswira, saboda na ga yadda ake ruɗa yara, har da manya, da maganar cewa baƙaƙen fatan Amurka jikokin Hausawa ne.

Ki nemi shafin da ake kira SlaveVoyages, wanda ya tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi fiye da 30,000. Ba sai ɗalibai sun buɗe shi ba, ke ce za ki kwafo lambobi kaɗan ki rubuta a allo. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 12.5 aka ɗora a jirage daga Afirka, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai, kuma daga cikinsu waɗanda aka kai kai tsaye ƙasar da ta zama Amurka ba su cika 400,000 ba, alhali Birazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5. Sannan ki rubuta lamba ɗaya a ƙasan waɗannan, wato ƙidayar Amurka ta 1860 wadda ta nuna bayi kusan miliyan 4. Ki tambayi ɗalibai yadda ƙasa da rabin miliyan ya zama miliyan 4 bayan an rufe ƙofar shigo da bayi tun ranar 1 ga Janairun 1808. Amsar ita ce haihuwa, kuma daga nan za su gane cewa a Amurka bauta ta zama gado, iyayengiji suna lissafa jarirai cikin dukiyarsu. Bayan da aka ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, noman auduga ya bazu zuwa Alabama da Mississippi da Louisiana, aka kwashi mutane kusan miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi kamar Virginia da Maryland aka sayar da su can, ana raba uwa da ɗa da miji da mata. Wannan ciniki na cikin gida littattafanmu ba su ko ambatonsa.

Yanzu ki jera shekarun da namu. Jihadin Shehu ya fara a 1804, Birnin Kebbi ta faɗi a 1805, kuma a shekarun da suka biyo baya ne kamammun yaƙi daga ƙasar Hausa suka yawaita a hanyar da ta bi ta Nupe da ƙasar Yarabawa zuwa Legas da sauran tashoshin bakin teku. A daidai lokacin Amurka tana rufe ƙofarta, saboda haka mafi yawan Hausawan da suka ƙetare teku jihar Bahia ta Birazil aka kai su, inda suka ƙulla tawaye a 1807 da 1809 da 1814, wasunsu kuma suka shiga babban boren Musulmi na birnin Salvador a 1835 wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa. Waɗanda aka kai Amurka mafi yawansu daga yankin Kwango da Angola ne, da Senegal da Gambiya, da ƙasar Ibo da maƙwabtanta, da Saliyo da gaɓar da ta zama Gana. Idan yarinya ta fahimci wannan, ba wanda zai ƙara yaudararta da tatsuniya.

Duk da haka akwai mutum ɗaya da ya haɗa ƙasar nan da ƙasashen biyu, kuma ina mamakin yadda ba a san shi a makarantunmu ba. Sunansa Mahommah Gardo Baquaqua, an haife shi a Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, garin da ke kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma mahaifiyarsa 'yar asalin Katsina ce. An kai shi Birazil wajen 1845, daga baya ubangidansa, wanda kyaftin ɗin jirgi ne, ya tafi da shi New York da lodin kofi a 1847, a can ya tsere, ya zauna a Haiti, ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, aka buga labarin rayuwarsa a Detroit a 1854. Bayanin da ya yi na cikin jirgin bayi, duhu da ƙishirwa da gawawwakin da ake jefawa a ruwa, gajere ne, kuma zai shiga takarda ɗaya. Yarinyar da ta fito daga Kamba ko Illo ko Bagudo idan kika nuna mata Djougou a taswira za ta ga ba wata duniya ba ce mai nisa.

Abu na ƙarshe daga gare ni a yanzu shi ne shinkafa, tunda a ƙasarta muke. Arzikin farko na Carolina ta Kudu da gaɓar Georgia a kan shinkafa aka gina shi, kuma masu tallan bayi a Charleston sukan yi alfahari a jarida cewa kayansu daga gaɓar masu noman shinkafa suka fito, wato wajajen Saliyo da Gini da Gambiya. Shekaru da yawa kafin a kawo injuna, da turmi da taɓarya matan bayi suke surfa ta, da faifai suke bakace, kuma har yanzu al'ummar Gullah, jikokin bayin wannan gaɓa, tana saƙa irin waɗannan faya-fayai. Masana tarihi suna jayayya kan iyakar abin da ilimin 'yan Afirka ya bayar a wannan noma, amma hotunan turmin da faifan suna nan, kuma 'yar Argungu ko Suru ba ta buƙatar a yi mata bayaninsu. Ki buga hoto ɗaya babba ki liƙa a kwali, ya zagaya aji hannu da hannu.

Malamar Adabin Turanci, Zuru

Barkanmu da war haka. Ina gaida Baba na Argungu da Malam na Gwandu, kuma na ƙaru ƙwarai da abin da suka rubuta. Sai dai, 'yar'uwa, ina jin tsoron kada mako biyun nan ya ƙare ba ki fita daga zamanin bauta ba, kuma kada ɗalibai su tashi da zaton cewa labarin baƙaƙen fatan Amurka labarin malamai Musulmi ne da aka kama. Musulmi tsiraru ne a cikin waɗanda aka kai, kuma addinin bai daɗe a hannun jikokinsu ba saboda an hana su makaranta da jam'i. Abin da ya riƙe al'ummar nan bayan haka coci ne. Richard Allen, wanda shi ma an haife shi bawa, ya kafa ɗariƙar cocin baƙaƙen fata mai cin gashin kanta a Philadelphia a 1816, kuma daga irin waɗannan majami'u ne makarantu da ƙungiyoyin taimakon juna da shugabannin gwagwarmaya suka fito. Ajin da yake da Musulmi da Kirista, kamar yadda namu yake a nan Zuru, yana buƙatar ya ji ɓangarorin biyu.

Tambayar da ɗalibanki suka yi game da George Floyd ba za ta amsu ba sai an bi abin da ya faru bayan 1865. A shekarar ne gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya ba su zama 'yan ƙasa, na 15 a 1870 ya hana a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. A takarda komai ya kammala, amma jihohin Kudu suka ɓullo da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da tsoratarwa da kisan gilla, kuma a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a muddin an ce abin da aka ba kowa daidai ne. Sai a 1954 kotun ta soke wannan a makarantu, sannan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta zo a 1964, ta zaɓe kuma a 1965. Wannan tazara ta shekara ɗari tsakanin 'yantawa da samun ƙuri'a ita ce zuciyar darasin, kuma layi ɗaya da aka ja a allo da alli, aka sa masa shekarun, ya isa ya nuna ta.

Tunda 'yan mata kike koyarwa, ki ba su tsararrakinsu. Kowa ya san Rosa Parks, wadda ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba wani farar fata a birnin Montgomery na jihar Alabama ranar 1 ga Disamban 1955, abin da ya jawo ƙaurace wa motocin na tsawon kwana 381 a ƙarƙashin jagorancin wani matashin fasto mai shekara 26, Martin Luther King. Amma wata tara kafin nan wata ɗaliba mai shekara 15, Claudette Colvin, ta yi irin wannan a gari ɗaya, aka fitar da ita da ankwa. Akwai kuma hoton Elizabeth Eckford, ita ma 'yar shekara 15, tana tafe ita kaɗai rungume da littafinta a gaban makarantar sakandare ta fararen fata da ke Little Rock a Satumban 1957, fararen fata sun biyo ta a baya suna zagi, har sai da Shugaban Amurka Eisenhower ya aiko da sojoji kafin ita da abokanta takwas su shiga aji. Idan kuɗinki hoto ɗaya kawai zai buga daga wannan zamani, to wannan ne. Ki ce su dubi fuskar yarinyar da ke bayanta tana ihu, su rubuta abin da suke zaton an koya mata a gida.

Ki kuma haɗa kai da malamin Adabi na makarantarku, domin hukumar WAEC ta daɗe tana sa littattafan baƙaƙen fatan Amurka a jarrabawa. A jerin 2021 zuwa 2025 akwai wasan kwaikwayon Fences na August Wilson, wanda ya faru a Pittsburgh a 1957, kuma na ga yadda ɗalibai suke haddace shi ba tare da sun gane dalilin ɗacin ran uban da ke cikinsa ba, saboda ba wanda ya gaya musu cewa sai a 1947 aka bar baƙin mutum, Jackie Robinson, ya shiga babbar gasar ƙwallon baseball, wasan da uban ya ƙware a kai, ko kuma cewa mutum kusan miliyan 6 sun yi ƙaura daga Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma tsakanin wajen 1910 da 1970. Game da alaƙa da Najeriya kuwa, Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a jami'o'in baƙaƙen fata na Howard da Lincoln, King ya zo Legas a Nuwamban 1960 wajen rantsar da shi a matsayin Gwamna Janar, Malcolm X kuma, wani Musulmi jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fata, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan a watan Mayun 1964, yana dawowa daga aikin Hajji.

Gargaɗi ɗaya kan kayan aiki. A laburaren da Malam ya ambata akwai hirarraki fiye da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938. Dukiya ce babba, amma an rubuta su da karyayyen Turancin da zai wahalar da ɗalibanmu, kuma yawancin masu tambayar fararen fata ne a jihohin Kudu, a lokacin da tsoho baƙi ba zai saki baki ya faɗi komai a gaban fari ba. Ki zaɓi guntu ɗaya ki mayar da shi Hausa da kanki, ki kuma gaya musu wanda ya yi tambayar.

Malamar Tarihi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan buɗe da shafin Umar bin Sa'id, in bi da lambobin Baba, mako na biyu kuma in ba shi ga abin da 'yar'uwata ta Zuru ta kawo. Saura abu ɗaya da yake damuna, kuma Baba nake so ya taimaka. Na tabbata da zarar na ce Ayuba Sulaiman bayi ya je sayarwa, wata za ta tambaya ko mu ma mun yi bauta a nan, kuma a cikin ajin akwai 'ya'yan gidajen sarauta, akwai kuma waɗanda a unguwa ana raɗe-raɗin asalinsu. Ina so in amsa da gaskiya ba tare da wata yarinya ta koma gida da kuka ba.

Tsohon shugaban makaranta, Argungu

'Yata, za su tambaya, kuma gara ke ki riga su kawo maganar. Laifi tudu ne, kuma malamin da ya kwana biyu yana zayyana muguntar gandayen Mississippi amma ya tsallake rinjin da ke bayan garinsu, ɗalibai masu wayo za su gane ya taka nasa ne yana hango na wani. An yi bauta a ƙasar nan, mai yawa kuwa, kafin jihadi da bayansa, kuma mutanen ƙasar Zuru da Kambari sun san abin da hare-haren Kwantagora suka yi musu har zuwa lokacin da Turawa suka ci garin a 1901. Ki faɗi wannan a sarari.

Hanyar da na ga ta fi aminci ita ce a kwatanta dokoki, a bar maganar gidaje. A 1662 Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa ko da ubangidan ne ya haife shi, saboda haka mutum yana iya sayar da ɗan cikinsa. A nan kuwa ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne mai gado, har ma sarakuna da yawa ta wannan hanya suka fito, amma wanda bawa da baiwa suka haifa bacucane ne, yana nan cikin mallaka. A Amurka launin fata ya zama shaidar bauta. A nan malamai sun ƙi wannan tun da daɗewa, domin wajen 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Gobir da Borno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Sai dai ki bar ɗalibai su lura da kansu cewa wannan ƙa'ida ta kare wasu ne ta bar waɗanda ba Musulmi ba a fili, kuma ko Musulmin ma ba kullum aka kiyaye musu ita ba. Akwai kuma inda tsarin biyu suka yi kama. Abin da muke kira murgu, inda bawa yake sana'arsa yana biyan ubangidansa wani abu a kai a kai, shi ne Frederick Douglass, bawan da daga baya ya shahara wajen yaƙi da bauta, ya yi a Baltimore a 1838, yana aikin toshe ɓarakar jiragen ruwa yana biyan dala 3 duk mako, ga abincinsa da kayan aikinsa a wuyansa, kafin ya gudu a watan Satumban shekarar. Bambancin shi ne a nan akwai hanyar fansa da alƙali ya sani, a jihohin Kudu kuwa an yi ta ƙuntata hanyar 'yantawa, wasu jihohin ma suka haramta koya wa bawa karatu da rubutu.

Ki rufe wannan ɓangare da shekarunmu kusa da nasu a allo. Sanarwar Lugard ta 1901 ta hana kamun bayi da sayar da su, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, amma waɗanda suke hannu sun ci gaba da zama sai wanda ya fanshi kansa ko ya gudu, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, shekara 71 bayan Amurka.

Game da kare yaran kuwa, tun kafin ki fara ki kafa sharaɗi cewa ba a ambaton sunan gida ko unguwa ko zuriyar kowa, kuma duk wadda ta nuna wata da baki ko da ido za ta fita. Kada ki ba da aikin gida na cewa kowa ta tambayo asalin kakanninta, ko da kin ga irinsa a cikin kayan da aka shirya wa makarantun Amurka, domin a wurinmu maganar tana iya taɓa auren yarinya nan gaba. Ki kuma sanar da shugabar makaranta abin da za ki faɗa kwana ɗaya ko biyu kafin darasin, saboda idan wani uba ya zo da ƙorafi ya tarar ta riga ta ga takardun da kika raba.